Ƙaya a Maƙogwaron Inna Ramlatu

Ranar Asabar bayan la'asar Yacouba ya kawo mahaifiyarsa gidan Sarkin Ruwa a bayan moto. Inna Ramlatu ta dafe wuyanta da hannu guda, da ɗaya hannun kuma ta damƙi rigar ɗanta. Ƙayar kifin tsage ce ta maƙale mata tun abincin rana. Ta haɗiyi lomar tuwo ba tauna, ta bi da ayaba, ƙayar ba ta motsa ba.

A unguwar Gamkalley ba a tambayar inda za a kai mai irin wannan lalura. Gidan Sarkawa masunta ake zuwa. Sarkin Ruwa Tanimu, wanda kakanninsa suka hauro kogi daga wajen Gaya da taru da homa na kamun kifi, ya yi rayuwarsa yana cire wa mutane ƙaya da ruwan kogi a ludayi da wasu kalmomi da ba wanda ya taɓa jin su da kyau. Ko goro ba ya karɓa. Da bazara ya rasu, kuma wannan ce ƙaya ta farko da aka kawo gidan tun rasuwarsa.

Halidu, ɗansa namiji tilo, yana zaune a inuwar itacen bedi yana gyaran takardun ɗalibai. Tarihi yake koyarwa a lise, makarantar sakandare. Da ya ga hannun tsohuwar a wuya, sai ya rufe biron ya ajiye a hankali.

"Mushe, ajiye bokon nan ka tashi," in ji Yacouba, yana kiransa yadda ɗalibai ke kiran malaminsu. Tare suka yi wasa a bakin kogi suna yara, kafin a kai ɗaya lakwal a bar ɗaya a jirgi. "Yau dai za mu ga amfaninka. Kifina ne ya ci amanar uwata."

Mutane sun riga sun biyo moton. Mata masu bandar kifi, masu lambu da suka taso daga ban-ruwa, da masunta biyu da birgin kamun kifi a kafaɗa, duk sun cika zauren sun tsaya.

Abin da dukansu suka sani shi ne wata safiya kafin azumi an ga Tanimu ya ɗauki ɗansa a jirgi su biyu kaɗai, ya tuƙa har tsakiyar kogi. Haka ake miƙa sirrin ƙaya a gidan, a kan ruwa, daga baki zuwa kunne, ga mutum guda. Da suka dawo masunta suka yi wa Halidu barka, har wani dattijo ya shafa masa kai.

Abin da ba su sani ba shi ne Halidu ya shiga jirgin da wayarsa ta salula a aljihun gaba, ya kuma danna ɗaukar murya tun suna gaɓa. Ya daɗe yana tattara waƙoƙin masunta da sunayen kifaye da na komai, yana zuwa gidan rediyo yana bayani a kan gadon Sarkawa. A ganinsa asara ce a bar irin waɗannan kalmomi a ƙwaƙwalwar mutum guda. Tsohon ya ajiye filafilin tuƙi, ya buɗe baki zai fara, sai idonsa ya sauka a kan ɗan hasken da ke ƙyaftawa ta cikin yadin rigar. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ba ƙarfe na kawo nan ba." Ya juya jirgin. A hanya Halidu ya ba da haƙuri, tsohon ya ce to, wata rana. Azumi ya zo, jarrabawa ta biyo baya, ciwo ya kwantar da Tanimu. Da ake yi musu barka a gaɓa, uban bai musa ba, ɗan ma bai musa ba. Hafsat matarsa kaɗai ya gaya wa.

Akwai ƙofar fita, kuma Halidu ya san ta. Wani lokaci Tanimu yakan taɓa wuyan mutum ya ce, "Wannan ba tawa ba ce, ku tafi likita." Ba wanda yake ganin laifinsa. Yadda yake bambance tasa da wadda ba tasa ba, Halidu bai sani ba, amma maganar tana bakinsa lokacin da ya durƙusa gaban tsohuwar.

Inna Ramlatu ta riga shi. Ita ta yi wa Tanimu bandar kifi tun Halidu bai yi wayo ba. Da murya ƙasa-ƙasa, tana yamutsa fuska a kan kowace kalma, ta ce, "Yaran nan sun ce mu tafi likita. Na ce gidan Sarki bai mutu ba."

Zauren ya amsa da cewa gaskiya ne. Halidu ya ji kansa yana cewa a kawo ludayi.

Duk abin da ido ke gani ya iya shi, domin ya sha kallo. Ya sa aka ɗebo ruwan kogi, ya riƙe ludayin da hannu biyu kusa da bakinsa, ya motsa leɓe. Fatiha ya karanta, ya maimaita ta, don ba shi da wani abin da zai cike wurin. Ya tofa, ya ba ta ta sha, ya jiƙa yatsu ya shafi wuyanta daga haɓa zuwa ƙasa. Fatar tana da zafi. Sannan ya faɗi abin da mahaifinsa yakan faɗa a ƙarshe: "Je ki kwanta, Inna. Gobe ki ci tuwo."

"Kamar shi," wata mata ta ce daga baya. "Har riƙon ludayin."

Yacouba ya buga masa kafaɗa yana dariya. "Ashe ba alli kaɗai hannun nan ya iya ba."

Bayan magariba Hafsat ta kawo masa abinci, ta tsaya ba ta tafi ba.

"Baban Anas, me ka karanta mata?"

"Fatiha."

"Fatiha ba ta da laifi. Amma ba don ita suka zo ba."

Ya ce ƙaya da yawa tana sauka da kanta, kowa ya sani. Ya ce mai yiwuwa rabin waɗanda Baba ya warkar haka tasu ta sauka.

"Sauran rabin fa?" ta ce, ta ɗauki buta ta fita. Abincin ya huce a gabansa.

Da safe ya bi ta cikin lambunan salati da kabeji ya gangara gidan Ramlatu, kusa da inda jirage ke tsayawa. A ƙofar gidan, gefen tanderun banda, masunta suna zaune suna ɗinkin taru. Suka gaishe shi da "ɗan Sarki", suka matsa masa ya wuce.

Tana kwance a kan tabarma a rumfa, da kwano kusa da kanta saboda miyau ma ya daina wucewa. Gefen wuyanta na hagu ya kumbura. Yacouba yana tsugune yana yi mata fifita, kuma yau babu wasa a fuskarsa.

"Ko ruwa ba ta sha ba," ya ce. "Jikin kamar garwashi. Na ce mu tafi likita, ta ƙi. Wai kai ba ka ce ba."

Halidu ya durƙusa. Ya taɓa wuyan kamar mai duba wani abu, ya ce, "Inna, wannan ba tawa ba ce. Mu tafi likita, ga mota can a gida."

Ta girgiza kai. Sai da ya kai kunnensa kusa da bakinta ya ji abin da take faɗa. Ta ce Tanimu bai taɓa ba mutum ruwa ba sannan ya dawo ya ce ba tasa ba ce. In ya ba da ruwa, to tasa ce. Ta ce wani lokaci sai an sha na biyu, ta gani da idonta. Ta ce in ta tafi likita da ruwan gidan Sarki a cikinta, mutane za su ce gadon ya lalace a hannun ɗan, kuma ba a kanta za a fara faɗin haka ba.

"A kawo ludayi," wani daga cikin masuntan ya ce. Sun bar tarun sun matso bakin rumfar. Har an miƙo ludayin, cike da ruwa, yana ɗiga a ƙasa.

Halidu bai karɓa ba. Ya dubi kwanon da ke gefen kanta, ya dubi wuyan. Ya miƙe tsaye, domin in ya faɗa a durƙushe ita kaɗai za ta ji, kuma ita kaɗai za ta iya rufa masa asiri ta ci gaba da kwanciya.

"Ba ni da shi," ya ce. "Baba bai ba ni ba."

Ya juya wajen masuntan ya ci gaba.

"Ranar da kuka gan mu a jirgi, na shiga da salula ina so in ɗauki muryarsa. Ya gani, ya juyo da mu. Bai gaya mini ko kalma ɗaya ba. Jiya Fatiha na karanta wa Inna. Ruwan da ta sha ruwa ne kawai."

Mai riƙe da ludayin ya rasa inda zai ajiye shi. Daga baya ya zubar da ruwan a gindin katanga. Dattijon da ya shafa wa Halidu kai a wancan karon ya sunkuya ya ɗauki allurar ɗinkinsa, ya koma wurin tarun ba tare da ya dubi kowa ba.

Inna Ramlatu ta daɗe tana kallon rufin rumfar. Sannan ta miƙa wa ɗanta hannu ya tashe ta.

Halidu ya koma gida ya ɗauko motar. Yacouba ya zauna baya ya tallafe kan uwarsa, Halidu yana tuƙi yana kauce wa ramuka. A likita, wato asibiti, aka yi mata hoton wuya, aka shiga da ita ciki. Can bayan azahar lokotoron ya fito da ƙayar a kan auduga, siririya mai reshe, tsawonta bai kai rabin ɗan yatsa ba. Ya ce ta huda nama, wurin ya fara ruwa, za su riƙe ta kwanaki suna yi mata allura. Ya tambayi abin da ya hana a kawo ta tun jiya.



"Ni na ce su jira," in ji Halidu.

Lokotoron ya dubi farar rigarsa da takalminsa mai sheƙi, ya ce, "Kai?" Bai jira amsa ba, aka kira shi ya wuce.

Suka zauna a kan benci a baranda, da tazarar mutum guda a tsakaninsu. Wata mata tana goge ƙasa, suka ɗaga ƙafafu ta wuce.

"Da ka gaya mini jiya a kunne," Yacouba ya ce, "da na ce moton ya lalace, ko na ƙirƙiro wata ƙaryar, na kawo ta nan. Ba wanda zai ji."

"Na sani."

"Ka sani." Yacouba ya murza tafin hannunsa, mai kanta saboda igiya. "To yanzu wa ke da shi? Baffanka na Gaya?"

"Ya riga Baba rasuwa."

"Ƴan uwanka mata?"

"Ba a ba mata."

"Ke nan babu."

"Babu."

Yacouba ya jinjina kai. Bai ɗaga murya ba, kuma Halidu ya so a ce ya ɗaga. Da ya sake magana, maganar aiki ya yi. Ya ce masuntan Yantala da na Saga har yanzu gidan Sarki za su turo mutane. Ya ce ko makon jiya wani ya tambaye shi ko ɗan ya fara karɓar masu ƙaya, shi kuma ya ce ƙwarai kuwa. Ya ce dole a gaya musu kafin su ɗauko wani su ɓata masa yini a hanya.

"Zan kira su," ya ce, ya laluba aljihu.

"Bari," in ji Halidu. "Ni zan je."

Ya leƙa ɗakin kafin ya tafi. Inna Ramlatu tana farke, an ɗaura mata ruwa a hannu, an naɗe wuyan da farin ƙyalle. Ya ce, "Sannu, Inna." Ta ɗaga yatsu biyu kaɗan daga kan zanen gado, alamar ta ji, idonta yana kan bango.

Daga likita zuwa Yantala ba nisa. Ya ajiye motar a saman gangare inda kwalta ta ƙare. A ƙasa jirage sun dawo daga kamun yamma, ana juye karfasa da ƙurungu a cikin robobi, mata suna ciniki. Wani masunci ya hango shi ya gane shi, ya ɗaga filafili yana kiran sauran su zo ga ɗan Sarkin Ruwa. Suka fara wanke hannu a kogi suna tahowa da fara'a. Halidu ya kulle motar, ya gangara ya tarye su tun ba su ƙarasa hawowa ba.