Wayar da Yoshiya Ya Zare

"Ni na zare ta? Ka gan ni da idonka?"

"Yaya, mu biyu ne cikin shagon nan. Waya kuma ba ta da ƙafa."

Yoshiya ya kau da kai yana sosa ƙeya. Shi ya zare ta kuwa, da ɗan yatsan ƙafa ma, ta ƙarƙashin tebur.

Shekara ashirin yana gyaran rediyo a Madarumfa. Daga Safo har Ɗan Issa, akwatin da ya yi shiru wurinsa ake kawo shi. Sai ga ƙanensa Kalebu, yaron da ya sha share wa majina, ya dawo daga makarantar fasaha ta Maradi da tsohuwar ordinata, wato kwamfuta, ta aro, da wata 'yar baƙar aba mai ƙafa goma sha takwas kamar kyankyaso. Wai ƙwaƙwalwa ce. In an zuba mata umarni daga ordinata, ita za ta riƙa tada famfon masu lambu na bakin tafki, ta kashe shi da kanta. Abar ba ta tada ko ƙuda ba tukuna, amma tuni masu tuyar kifi suke kiran Kalebu Injiniya. Yoshiya kuwa har yau mai rediyo.

Kalebu da bakinsa ya ja masa kunne: lokacin zuba umarni, kada wuta ta yanke, ko ƙiftawa kada ta yi. Kuran ɗin gari, wato lantarki, ba abin yarda ba ne, shi ya sa ya ari batirin mota na yayansa. Da la'asar Alhaji Salisu, shugaban masu lambu, zai zo kallo. Yoshiya ya yi lissafinsa na masu gyara: abin da ya lalace cikin rediyo jefarwa ake yi, kyankyason kuma shi ke nan guda ɗaya. Ya jira rubutu ya kai rabi, ya miƙe ƙafa ya zare wayar batirin.

"To ta mutu ke nan," ya ce, yana ƙoƙarin ɓata fuska. "Sai haƙuri. Da ma kayan Turawa ba su son zafinmu."

"Ba ta mutu ba. Rabin karatu ta haɗiya, ta ruɗe."

"Ruɗaɗɗe ai ɗan'uwan matacce ne."

Kalebu ya maƙala wayar, ya ɗaure ta da tsumma har ƙulli uku, ya jawo batirin tsakanin ƙafafunsa kamar mai gadin tukunya. Ya danna, ya jira, ya sake dannawa.

"Mi kake yi kuma?"

"Na wanke ta, ina sake rubutu. Irin wagga kamar allo take, Yaya. Sau ɗari ka wanke, ta ɗauka."

Wata 'yar fitila ta kawo kore. Yoshiya ya zura mata ido. Ashe duk zunubin nan da zai kai coci ran Lahadi, a banza ya ɗauke shi.

Ana haka Alhaji Salisu ya yi sallama, rungume da rediyonsa mai jakar fata, wadda Yoshiya ya yi shekara goma sha ɗaya yana raya ta. Yoshiya ya miƙa hannu biyu bisa sabo.

"Sannu, Yoshiya," in ji Alhaji, ya ratsa ta gefensa ya aje ta gaban Kalebu. "Injiniya, in ka gama da famfo, duba mini wagga. Kullum ana gyara, kullum tana tari."

Kalebu ya sunkuyar da kai. "Alhaji, ai rediyo aikin Yaya ne."

"A'a, bari dai mai ilimi ya gani."

Hannuwan Yoshiya na nan a miƙe, ba kome ciki. Ya dube su, ya dubi rediyon, ya zari hularsa daga ƙusa.

"Ka wanke ta ita ma!"

Ya fice, ya maka ƙyauren kwano da ƙarfin da sai da awakin maƙwabta suka watse.