Ranar da Aka Mayar da Salwa Daga Filin Jirgin Jidda

Salwa Datti ta fara wasan zari-ruga ne a Malesiya, a shekararta ta farko a jami'a. Wata 'yar ajinsu ce ta ga faɗin kafaɗunta ta ja ta zuwa fili. A Makka, inda aka haife ta, wannan jikin abin tsokana ne, 'yan makarantarsu babbar mota suke ce mata. A Malesiya kuwa sai aka sa ta a sahun gaba, inda ake haɗa kafaɗa a yi ture-ture a kan ƙwallo. Da dogon wando take shiga fili, da ɗankwali mai kama kai. Mahaifinta, Malam Datti mai shagon turare a unguwar Shisha ta Makka, ya san komai. In ta kira shi bayan wasa, abin da yake fara tambaya shi ne ko haƙoranta suna nan cif.

Kafin ta gama karatu wata ƙungiya a birnin da jami'arta take ta ɗauke ta, har ta zama kyaftin. A 2016 aka zaɓe su zuwa wata babbar gasa ta mata, inda masu neman 'yan wasa daga ƙasashe suke zuwa kallo. Ana cikin shiri Malam Datti ya rasu. Salwa ta dawo gida zaman makoki da 'yar ƙaramar jaka, da niyyar komawa bayan an share.

Ranar komawarta ta je filin jirgin Jidda, ta miƙa fasfo. Ma'aikacin ya duba na'urarsa, ya mayar mata da shi cikin ladabi, ya ce waliyyinta ya janye izinin tafiyarta. Waliyyinta yanzu yayanta ne, Abdulwadud, wanda ya ɗora mata jaka a tasi da hannunsa da safiyar nan.

Ta koma gida, ta same shi a falo yana cin abincin rana, mahaifiyarsu Ruƙayyatu na gefe. Ko abaya ba ta cire ba.

"Yaya, kai ka rufe mini hanya?"

"Ni ne," ya ce, bai ɗago ba. "An turo mini bidiyonki. Kina birgima a laka, mata sun danne ki, maza suna tafi. Duk abokaina sun gani."

"Me ya hana ka faɗa mini a nan? Ka bari na je har Jidda, na tsaya a layi, aka kore ni a gaban mutane kamar ɓarauniya."

"Da na faɗa miki da kin tayar wa Umma da hankali."

"Baba ya sani. Shi ya sa mini hannu."

"Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa. Yanzu ni za a tambaya. Halas, maganar ta ƙare."

Salwa ta juya ga mahaifiyarta. Ruƙayyatu ta sunkuyar da kai, ta ce a yi haƙuri, gidan bai huce daga mutuwa ba. Wannan ya fi maganar Abdulwadud yi mata ciwo. Ta ɗauki farantin gabansa ta maka da bango, shinkafa ta watsu har kan labule, ta shige ɗaki.

A wayarta ta kalli gasar. Wadda aka sa a gurbinta ba ta iya dasa ƙafa ba, ana ta tura su baya. Salwa tana zaune a bakin gado tana yi mata faɗa kamar tana jin ta. An fitar da su tun a zagayen farko.

Ta kai ƙara wajen kawunsu Ma'aruf, ya ce ba zai shiga tsakanin ɗa da gidan ubansa ba. Mai horar da su ta yi ta kira, daga baya kiran ya ragu, sannan aka naɗa wata kyaftin.

Da aikin Hajji ya zo, Abdulwadud, wanda yake haɗa wa wani kamfani ma'aikatan Mina, ya rasa mata masu ƙarfi da za su riƙa ɗaga tsofaffin hajiyoyi zuwa keken guragu. Ya aiko matarsa ta tambayi Salwa. Ita da kanta ta fito ta same shi.

"Ya'ni ƙarfina halal ne in zan yi maka dako a rana," ta ce, "amma abin kunya ne in na yi abin da na iya da shi."

Ta karɓi aikin don ta gaji da bangon ɗaki, ta yi shi da kyau, amma ko a tanti ɗaya suka haɗu ba ta gaishe shi. Bayan Hajji ta ci gaba da gudu a matakalar benensu da safe, tana ɗaga jarkokin ruwa a saman rufi. Maƙwabta suka yi ƙorafin dirin ƙafa, ba ta daina ba.

A 2019 aka sauya doka, mace baliga ta sami damar tafiya ba da izinin kowa ba. Salwa ta sayi tikiti a makon, ta gaya wa mahaifiyarta kaɗai. Abdulwadud ya ji, ya zo ya ce zai kai ta Jidda a motarsa. Ta ce ta riga ta kira tasi.

A Malesiya ta tarar da yara sabbi a sahun gaba, sun fi ta sauri, rabinsu ba su san sunanta ba. Aka sa ta a ƙungiya ta biyu. Ta buga kakar wasa guda, gwiwarta ta hagu tana kumbura bayan kowane wasa, sai ta koma horar da 'yan sahun gaba. Mai tsanani ce, 'yan wasan suna tsoronta. Tana kiran Umma duk Juma'a, kuma in tsohuwar ta ce ga yayanki nan kusa, sai Salwa ta ce lokacin atisaye ya yi.