Injin da Delbert Ya Ɗaure

Suna tsakiyar hawan dutse, akori-kura na tsallake ramuka tana rangaji, sai injin ya fara ƙara kamar an zuba cokula a tukunya. Delbert Haskins ya miƙa hannu ya ƙaro sautin rediyo.

"Baba, waƙa ba za ta rufe wannan ba," in ji 'yarsa Rhonda.

"Sabon ɗauri ne. Gyaran murya yake yi."

Ai kuwa ya gyara. Ya yi tari, ya saki baƙin hayaƙi, ya yi tsit. Motar ta ɗan zame baya kafin tsohon ya danne birki.

Duk faɗin yankin Owyhee ba wanda bai san motar nan ba, don ta girmi Rhonda. Ba kuma wanda bai san taurin kan mai ita ba. Tun rasuwar matarsa yake zaune shi kaɗai a gonarsa, nesa da kwalta. Bara ya bar tukunya a wuta har labule ya kama, sannan ya ɓata hanya yana dawowa daga coci, hanyar da ya bi duk rayuwarsa. Rhonda ta ce ya tattara ya koma wurinta a birnin Boise. Shi kuwa ya kafa sharaɗi: zai sauke injin ya ɗaure da hannunsa, ba mai taɓa masa ko sifana. In motar ta kai su sansanin farauta a ƙololuwar dutse, ta daina yi masa zancen Boise. In ta gaza, ya yarda.

Ga sansanin can suna hangowa, ga mota ta ce ba da ita ba.

Rhonda ta kwanta ta shige ƙarƙashi. A nan ƙarƙashin ya koya mata kanikanci, tun ba ta kai bonet tsawo ba, saboda haka ba ta daɗe tana nema ba. Notin da ke toshe baƙin mai ya faɗi, man ya tsiyaye tas a hanya. Ta shafa ramin notin, lafiyarsa lau, ko ƙwarzane babu. Da hannu kawai aka murza notin nan, aka manta da shi. Tausayinsa ya kama ta har ta kasa fitowa.

"Ke, barci kike yi a ciki?"

Ta fito tana kakkaɓe ƙasa. "Noti ne ya karye, Baba. Ka san kayan yanzu, duk jabu ne."

Delbert ya dubi layin man da ya bi su tun daga gangare, ya dawo ya dube ta.

"Kunnuwanki sun yi ja. Tun kina satar alewa a aljihuna haka suke tona ki." Ya zauna a kan dutse, ya cire hularsa. "Na tuna na murza shi. Na tashi ɗauko sifana. Daga nan wallahi ban san ina na nufa ba."

Ya zaro makullin motar ya miƙa mata. Tsoro ne ƙarara a fuskarsa, abin da ba ta taɓa gani ba.

"Me zan yi da makullin matacciyar mota?" ta ce. "Sai an sake sauke injin nan, ni kuwa aiki ya yi min yawa. Akwai gareji a gidana."

"Wannan ɗakin shirgin? Da kwalaye da kekunan yara?"

"Kai za ka kwashe su."

"Maƙwabtanki masu wanke mota da shamfu ba za su so ƙarar guduma ba."

"Sai su saba. Aikin zai cinye hunturu, ga ɗaki a sama, ga jikokinka su dame ka."

Ya jujjuya hular. "Ba dai mai taɓa min inji."

"Allah ya kiyaye. Ni in ka gama, zan bi notin nan in duba shi kawai."

Ya daɗe yana kallon sansanin da ba su kai ba. Sannan ya mayar da makullin aljihu, ya miƙa mata hannu ta tashe shi.

"Ki bi su duka," ya ce.