Yaron da Aka Rubuta da Sunan Wani

Mako biyu kafin babbar Sallah ta shekarar 1923 aka sauke Malam Gidaɗo daga shugabancin wata makarantar boko ta 'ya'yan masu sarauta a Sakkwato. Ba a same shi da laifi ba. Doka ce ta zo cewa shugaba sai mai jin Turanci, shi kuwa Larabci da Hausa ya sani, ga shi ya haura sittin. Aka kawo Malam Haruna, Bakano, wanda bai cika shekara talatin ba.

Hankalin iyaye ya tashi, musamman iyayen yara tara na ajin sama. Daga ajin nan za a zaɓi huɗu a tura su kwaleji can gabas, tafiyar kwana goma sha biyu, su yi shekara biyar. Kowane uba da hannunsa ya kama hannun ɗansa ya sa a na Malam Gidaɗo ranar da ya kawo shi, kamar yadda ake yi wa malamin allo. A wurinsu mutum aka ba amana, ga mutumin ya tafi. Maganganu suka yi yawa a ƙofar makaranta. Wasu suka ce sabon shugaba da cokali yake cin tuwo. Wasu suka ce zai sa yara gajeren wando.

Mika'ilu mahauci bai sa baki ba. A hukumance ba shi da ɗa a makarantar.

Shekara shida kafin nan aka umarci wani hakimi ya ba da ɗansa Siddiƙu. Hakimin bai yarda da boko ba, bai kuma iya ƙin umarni ba. Sai ya aika aka kira Mika'ilu, mai kai nama gidansa na cikin birni, ya ce yana son aron ɗansa na fari, Mode, mai shekara bakwai. Mahauci ba ya ce wa hakimi a'a. Aka rubuta yaron a littafin makaranta da sunan Siddiƙu ɗan hakimi. Malam Gidaɗo ya san gaskiya tun ranar farko. Kowace Alhamis bayan la'asar yakan fitar da yaron da sunan zai kwana gidansa, Mika'ilu ya karɓe shi a bayan katanga, ya dawo da shi yammacin Juma'a. A haka yaron ya kai ajin sama, kuma shi ne na ɗaya.

Alhamis ta farko bayan sauyin, Mika'ilu ya tsaya inda ya saba tsayawa. Yaro bai fito ba. Ya zagayo wurin Na'Allah mai tsaron ƙofa, wanda suka tashi unguwa ɗaya.

"Yau babu hita," in ji Na'Allah. "Sabon malam ya ce yaro ba shi hita sai da uban da anka rubuta ga littahi."

"To mi za ni ce ma uwatai?"

"Ka ce mata Bakano ya zo da ƙararrawa. Ko ni da kake gani, sai ta kaɗa nike zuwa bayan gida." Na'Allah ya yi dariya, ya ga Mika'ilu bai yi ba, sai ya rage murya. "Kai dai bar tsayuwa bayan katanga. Tagar ɗakinai can take dubawa."

A gida matarsa Dijatu ta riga ta dama fura ta mutum uku. Ta dubi bayansa, ta ga babu kowa. Ba ta taɓa faɗin sunan yaron ba, shi ma uban haka, saboda kunyar ɗan fari.

"Ina shi?"

"An hana hita."

"Har yaushe?"

"Ban sani ba."

"Maigida, hannun wa shike yanzu?"

Ta ɗauke ƙwarya ɗaya ta rufe da faifai.

Sallah ta zo ta wuce, yaron yana makaranta tare da 'ya'yan hakiman nesa. Kwana uku bayanta aka sanar cewa an zaɓi huɗun, Siddiƙu ɗan hakimi yana ciki, za su tashi ƙarshen wata, kuma uban kowane ko wakilinsa zai amsa da bakinsa cewa ya yarda a gaban Baturen makaranta. Mika'ilu ya ji labarin a rumfarsa ta kasuwa daga bakin bawan hakimi da ya zo karɓar nama. Hakimi ya riga ya ce a amsa masa da to. Yanzu da ya ga 'yan boko suna samun aiki, ɗa mai ilimi da sunansa bai zame masa nauyi ba.

Washegari Mika'ilu ya bar rumfa ga ƙaninsa, ya bi hanyar Runjin Sambo cikin taɓo, inda Malam Gidaɗo ya koma gonarsa. Ya same shi zaune a zaure, gero ya kai gwiwa a bayan danga.

"Ni ka ba, na sani," in ji tsohon bayan sun gaisa. "Amma an amshe min makaranta, yaro kuwa yana cikinta."

"Kun hwaɗa ma Bakanon?"

"Na ba shi makullai da littahi. Bai tambaye ni komi ba, ban ce mai komi ba."

"Allah shi gafarta Malam, in na tahi na hwaɗi gaskiya hwa?"

"Ku ukku za ku faɗi, hakimi da kai da yaro. Hakimi kaɗai za ya tashi. Bature na ɗaure mutum kan ƙaryar littahi, Mika'ilu. Ni ma tun da anka sauke ni, duk wanda ya yi sallama da rana sai gabana ya faɗi."

Mika'ilu ya zo ne a kwantar masa da hankali. Ya koma gida da tsoron mutum biyu.

Ranar Laraba da hantsi yana sara ƙashi a kan gungume, Na'Allah ya tsaya a gabansa. Wannan karon babu wasa a fuskarsa.

"Shugaba na kiranka. Ya ce in kawo mai mahaucin da ka tsayuwa bayan katanga ran Alhamis."

"Ni kaɗai?"

"Kai kaɗai."

"Da Bature?"

"Ban ga dokinai ba."

Mika'ilu ya wanke hannu sau biyu. Ya biya gida ya sauya riga, ya gaya wa Dijatu inda ya ajiye wuƙaƙensa masu kyau, da wanda za ta je wurinsa in bai dawo ba kafin magariba. Ba ta yi kuka ba. Ta bi shi har zaure, abin da ba ta saba yi ba.

Ɗakin shugaba ƙarami ne. Tebur, kujera ɗaya, ƙararrawa, da babban littafi a buɗe. Malam Haruna siriri ne, da takalmi a ƙafarsa a cikin ɗaki. Mika'ilu ya cire nasa a waje, ya durƙusa nesa da tebur.

"Baba, sunanka Mika'ilu?" Hausarsa ta Kano ce, a miƙe.

"Shi na, Allah shi gafarta Malam."

"Ranar Sallah an yanka wa yara rago a nan. Mai dafa abinci ya kama fiɗa, ya huda fatar wuri biyu. Yara na tsaye suna kallo. Sai ɗaya ya ce masa ba haka ake yi ba, ya karɓi wuƙar." Malam Haruna yana magana yana duban littafin. "Ya tsaga ƙafar baya, ya zura kara, ya hura har ragon ya kumbura. Ya ajiye wuƙa ya tura fatar da dunƙulen hannu. Ya cire matsarmama ba ta fashe ba. Da ya ɗago ya ga ina kallonsa, sai ya saki wuƙar a ƙasa."

Mika'ilu ne ya koya wa yaron wannan, a tsakar gida, da safiyar Juma'a, inda ba mai gani. Ya sha gaya masa kada ya taɓa nama a makaranta. Bai taɓa tunanin yaron zai kasa jure ganin ana ɓata fata ba, alhali shi kansa ba zai iya ba.

"Na zauna da 'ya'yan hakimai shekara tara," in ji Malam Haruna. "Ban ga wanda ya san inda matsarmama take ba. Ɗan wa ne?"

Ƙararrawa na kan tebur. Mika'ilu ya kafa mata ido. A waje yara suna maimaita lissafi da murya ɗaya.

"Wa za ya ji, in na hwaɗi?"

"Ya danganta da abin da ka ce in yi." Ya ɗauki alƙalami ya tsoma a tawada. "Ba ni na rubuta littafin nan ba, kuma akwai irinsa a ofishin Bature. In ka ce a gyara, zan gyara yanzu, in kai da kaina. Ba zan ɓoye gyara ba."

"In anka gyara, za ya tahi kwaleji?"

"A'a. Ajin na 'ya'yan masu sarauta ne. Gobe zai koma gida. Abin da zai same ka wurin hakimi da Bature, kai ka fi ni sani."

"In ba a gyara ba?"

"Zai tafi. Zai riƙa zuwa sau ɗaya a shekara, gidan hakimi zai sauka. In wani abu ya same shi a can, hakimi za a rubuta wa."

"Ko da mutuwa ta?"

"Ko da ita ce."

Tawada ta ɗiga daga alƙalamin a gefen tebur. Malam Haruna ya goge da ɗan tsumma, sannan ya leƙa ƙofa ya sa a kira Siddiƙu.

Yaron ya shigo da farar riga da jar hula. Ya ga wanda ke durƙushe, ya tsaya cak a bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai. Ya ƙara tsawo a makonni huɗun nan. Mika'ilu ya gani da gefen ido, bai juya ba.

"Malam, ku tambaye shi. Yana son tahiyar?"

"Ka ji," in ji Malam Haruna yana duban yaron.

Yaron ya ɗago kai. "Ina so," ya ce, da ƙyar aka ji. Sannan ya ƙara, "In an bari."

Mika'ilu ya miƙe.

"A bar littahi yadda shike."

Malam Haruna ya ajiye alƙalami. Mika'ilu ya tako ya kama wuyan hannun yaron, ya ja shi zuwa tebur, ya miƙa hannun.

"Baba, ni ba zan bi shi ba," in ji Malam Haruna. "A can wani shugaban ne, Bature, ban ma san shi ba. Ni littafi aka ba ni."

"Ku dai riƙa."

Shugaban ya dubi hannun. Sai ya miƙe tsaye ya karɓa.

"Sunanai Mode," in ji Mika'ilu. Shekara goma sha uku ke nan, wannan ne karo na farko da sunan ya fito daga bakinsa. "Ko mutum guda shi san shi cikin masu littahi."

"Na ji." Malam Haruna bai rubuta ba. Ya saki hannun, ya sallami yaron, ya koma kujerarsa. "Dokar fita ba zan karya ta ba, ko don shi. Amma ranar tafiya za su bi ƙofar gabas da hantsi. Hanya ta kowa ce."

Ranar tafiyar an kwana ana ruwa. Dijatu ta tsaya gindin wata tsamiya a gefen hanya, da mayafi har goshi, Mika'ilu yana can gaba kaɗan kamar ba tare suke ba. Ayarin ya zo: takarkarai uku da kaya, malami ɗaya mai rakiya, yara huɗu. Wakilin hakimi yana tafiya kusa da yaron, yana riƙe masa buta. Wata mai tallan ƙosai ta ce wa Dijatu, "Wancan na ɗan hakimi, an ce duk ya hi su ƙwaƙwalwa." Dijatu ta ce, "Allah shi tsare." Yaron ya dubi tsamiyar sau ɗaya, ya ci gaba.

Bayan wata goma sha ɗaya aka mayar da Malam Haruna Kano. Na'Allah ne ya kawo labarin kasuwa, yana dariya, yana cewa Bakano ya tafi ya bar musu ƙararrawarsa. Mika'ilu yana tsakiyar kasa nama. Ya ajiye wuƙar, ya goge hannu a cinyarsa.

"Wa anka kawo?"

"Ba a hwaɗi ba tukuna."

"Ya bar wani saƙo?"

"Makullai da littahi," in ji Na'Allah. "Suna nan bisa tebur."