Agogon Baba Hezekiah

"Baba, wa ke rarrafe zuwa gindin gada a zamanin nan?" in ji Reuben, yana miƙa wa mahaifinsa waya. "Duba, jirgi marar matuƙi ne. Mutum na zaune yana shan shayi, sai gada ta tashi."

Baba Hezekiah bai ko kalli wayar ba. Yana kishingiɗe a zaure, ƙafafunsa sun kumbura suntum. Reuben ma soja ne kamar mahaifinsa, yau hutunsa ya ƙare.

Sha'aibu tela, maƙwabcinsu, yana tsugune da kwanon kunun da matarsa ta aiko. Tun da tsohon sojan ya yi ritaya ya tare a Gumel, Sha'aibu ke shan labarinsa har kunne ya gaji: yadda a Laberiya suke shafa gawayi a fuska, su ratsa taɓo ta bayan abokan gaba, su ɗaura wa gada nakiya. Kuma duk mai fita irin wannan aiki sai ya kwance agogonsa ya damƙa wa wanda ya fi yarda da shi, in bai dawo ba a kai gida. Shi kuwa Reuben, tun yana yaro, da an ɗauko labarin yake sulalewa filin ƙwallo.

"Jirgin naku yana jira mai tallan kifi ta gama haye gadar?" tsohon ya tambaya.

"Yana da kyamara, Baba. Wannan wahalar taku ta wuce."

"To, madalla."

Ɗan acaba ya yi hon a waje. Tsohon ya daɗe yana fama da madaurin agogonsa kafin ya kwance shi, ya miƙa wa ɗansa.

"Haba Baba, ai waya na nuna lokaci. Riƙe abinka, sai Kirsimeti."

Sha'aibu ya gane abin da miƙa agogon ke nufi. Ya buɗe baki zai yi magana, tsohon ya girgiza masa kai. Ƙarar babur ta yi nisa da Reuben, hannun tsohon yana nan a miƙe. Tausayi ya kama Sha'aibu, ya ajiye kwanon, ya karɓi agogon da hannu biyu.

"Ka gaji da labarina, Malam Sha'aibu."

"Wallahi na gaji, Baba. Amma na ji."

Ranar Alhamis Baba Hezekiah ya cika. Reuben bai samu izinin zuwa jana'iza ba.

Agogon yana rataye a jikin keken ɗinki. Kowace safiya Sha'aibu kan wana shi kafin ya zura zare, sannan ya leƙa titi ko zai hango Reuben.