Abin da Yarinyar Take Nufi

Reza na kan maƙogwaron malamin lissafi sa'ad da ya ba ni labarin. Har yau ban san yadda aka yi ya samu sararin magana ba, don a shagona ba kasafai ake samu ba. Ni mai aski ne, kuma duk wanda ya zauna a kujerata ya san aski biyu zai sha, ɗaya a kai, ɗaya a kunne. Yaran unguwa Rediyo suke ce mini a bayan idona, iyayensu kuwa a gaban idona.

"Majalisa za a kafa a makarantarmu," ya ce da rabin baki, gudun kada kumfa ta shige masa. "Malamai, iyaye, har da ɗalibai. Umarni ne daga sama. Kuma 'yarka ɗalibai suka zaɓa. Ashe ba ka ji ba?"

"Haba malam, 'yata guda a ce ban ji ba?"

Na shiga kora masa bayanin yadda tun tana goye ake gane mai ƙwaƙwalwa ce, duk da dai a bakinsa na fara jin zancen. Ya yi dariyarsa mai daɗin nan. Mutum ne mai fara'a, wanda ba ya barin shago sai ya tambayi lafiyar gwiwata.

Uwar yarinyar ta bar gidana tun 'yar tana firamare. Da dangi suka taru a sasanta mu, ta ce babu duka, babu zagi, babu yunwa, illa dai tun ranar da aka kawo ta ba ta taɓa kai ƙarshen magana ba. Kafin ta rufe baki na miƙe in bayyana wa jama'a ba haka take nufi ba. Kowa ya kwashe da dariya, ban da ita. Yanzu wani mai gyaran famfo take aure, mutumin da in ya ce maka sannu to ya gama surutun ranar. A hannunsa 'yata ta girma. In muka haɗu a hanya takan rusuna ta ce, "Ina wuni, Baba," ni kuma in ce, "Mamana, ya karatu?" Kafin in gama yi mata nasiha a kan karatun ta riga ta fara kallon takalminta.

Ɗakina yana bayan shago. Katifa, buta, fanka mai kukan tsohuwa, sai kwano ɗaya da cokali ɗaya. In ciniki ya ɗauke da rana nakan hau kujerar aski in juya ta ina fuskantar madubi, mu yi hira. Shi kaɗai ne bai taɓa kai ƙarata ba.

Ranar, bayan malamin ya fita, na dubi mutumin cikin madubin na ce, "Kai, za mu shiga siyasa."

* * *

An zaɓe ni ba hamayya. Ina faɗin haka da alfahari, muddin ba a tambaye ni iyaye maza nawa suka zo taron ba. Mata ne suka cika ajin, wasu da goyo, wasu da kwandon cefane a ƙafa. Ni kaɗai ne mai gemu, na cusa jikina a bencin yara, gwiwoyina na neman haɓata.

Shugaban makaranta ya ce takardar da ta zo daga sama ta buƙaci uwa ɗaya, uba ɗaya. Ya waiga hagu, ya waiga dama, ya dawo kaina kamar mai zaɓen tumatir da yamma.

"To, alhamdulillahi, ga uba."

Wata mai sayar da atamfa, wadda aka zaɓa a kujerar uwaye, ta leƙo ta ce, "Mai aski, ashe kana da ɗa a nan?"

"'Ya ce. Ita ce ma wakiliyar ɗalibai."

"Au, ba 'yar mai famfo ba ce?"

Na yi murmushi irin wanda nake yi wa wanda na yanka a kunne. Na ce a raina, ki jira ranar zama.

Kafin ranar na sa an wanke mini babbar rigata, na gyara gemuna da kaina har sai da ya kusa ƙarewa. Ba wani abu nake nema ba. So nake ta gan ni zaune cikin mutane ana sauraro na, ta ce a ranta, wannan ubana ne. In Allah ya yi, bayan an tashi mu taka tare zuwa bakin titi. Iyakar burin ke nan.

* * *

A ɗakin malamai aka zauna. Dogon tebur, tarin littattafan da ba a duba ba an ture su gefe, kalanda ta shekarar da ta wuce. Shugaba a kai, malamin lissafi ya jawo mini kujera kusa da shi. 'Yata ta shigo ɗauke da ruwan leda a faranti, ta bi kowa ta ajiye masa. Da ta zo kaina ta ce, "Sannu, Baba," a hankali. Sai da ta gama rabon aka tuna ita ma 'yar majalisa ce, aka nemo mata wata kujera mai ƙafa uku da rabi a can ƙarshen tebur.

Ta yi tsayi. Hancin uwata ne a fuskarta. Na yi ta satar kallonta har ban ji addu'ar buɗewa ba.

Shugaba ya yi jawabi a kan muhimmancin jin ra'ayin kowa, ya daɗe yana yi. Daga nan aka shiga batun fentin ƙofar makaranta, shuɗi ko kore. Na goyi bayan kore da hujjoji, har na kawo misali da launin shagona. Aka koma batun ranar da za a ɗauki hoton majalisa don a aika sama. Mai atamfa ta yi gyangyaɗi, ta farka ta ce ta amince.

Rana ta fara karkata lokacin da shugaba ya dubi agogonsa ya ce, "To, ɗalibai. In da wani abu, a taƙaice."

Ta miƙe. Ta dafa tebur da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, akwai 'yan ajinmu mata da suka daina zuwa."

"Mun sani. Ci gaba."

"Sun ce in na zo nan in faɗa. Sun ce ni aka zaɓa, in ban faɗa ba babu mai faɗa." Ta gyara tsayuwa. "Dalilin da ya sa suka daina zuwa shi ne..."

Ta tsaya. Idonta ya sauka ƙasa. Ɗakin ya yi tsit, irin shirun da ni a rayuwata ban taɓa iya zama da shi ba. Shugaba ya ƙwanƙwasa biro a tebur. Wani malami ya yi tsaki ƙasa-ƙasa. Na ga 'yata tsaye ita kaɗai a gaban manya, bakinta a buɗe, maganar ta ƙi fita. Raina ya ce, ga ranarka, uba. In ba ka tare mata yau ba, sai yaushe?

Na miƙe, babbar riga na ƙara.

"Ranka ya daɗe, a yi mata uzuri, yarinya ce, kuma kunya ado ce. Abin da yarinyar take nufi shi ne..."

Jama'a, ban taɓa magana mai daɗin ta ranar ba. Na kawo talauci, na kawo talla, na kawo iyayen da ke cire 'ya'ya mata daga aji su ɗora musu wankin kwano da reno. Na ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mai atamfa ta ce, "Wallahi gaskiya ne." Malamin lissafi ne ya fara tafi. Da na ji tafin sai na ƙara wuta: na ba da shawarar a naɗa mutum mai fara'a, wanda yaran suka saba da shi, ya bi gidajensu ɗaya bayan ɗaya ya dawo da su. Na dafa kafaɗar maƙwabcina, malamin lissafi, na ce ban san wanda ya fi shi dacewa ba.

"An amince?" in ji shugaba, yana tattara makullansa.

Aka amince. Na waiga ƙarshen tebur in karɓi ladana. Ta riga ta zauna, tana kallon bango.

* * *

A bakin ƙofar makaranta na cim mata. Kowa ya watse in ban da shugaba da bai fito ba tukuna, maigadi na jan ƙyaure.

"Mamana, kin ga yadda aka yi? Haka ake magana a taro. Ki riƙa ɗaga murya, kada ki..."

"Baba."

Ban taɓa jin ta katse ni ba. Na yi shiru don mamaki, ba don hali ba.

"Ba talla ba ce. Ba iyayensu suka hana su ba. Iyayen ma ba su sani ba, da safe sukan sa kayan makaranta su fito, su je su zauna a gidan wata ƙawarmu har a tashi."

"To me ya hana su shiga?"

"Wanda ka dafa." Ta dube ni ido cikin ido. "Shi yake tsare su bayan an tashi, wai darasi na musamman, ɗaya-ɗaya, ya kulle ƙofa. Wadda ta ƙi ta faɗi jarrabawa. Yana kallona ne shi ya sa na tsaya. Numfashi kawai nake ja, Baba. Da na faɗa."

Na buɗe baki. Karon farko tun da aka yanke mini cibiya, babu komai a ciki. Na tuna maƙogwaron nan a ƙarƙashin rezata, da yadda nake lallaɓa shi kada in ji masa ciwo.

"Zan tayar da maganar," na ce daga ƙarshe. "A zama na gaba, wallahi, ni da kaina..."

"Zama na gaba sai wani zangon. Ni na gama a wannan." Ta gyara jakarta. "Shi kuma gobe zai fara bin gidajensu. An ba shi izini."

Ba ta ce ni na ba shi ba. Tarbiyyar uwarta ce.

Ƙarar babur ta tsaya a gefenmu. Mai gyaran famfo ne, jakar kayan aikinsa ɗaure a gaba, wandonsa jiƙe har gwiwa. Ya ɗaga mini hannu ya ce, "Sannu." Ta rusuna mini, ta ce, "Sai an jima, Baba," ta hau bayansa.

"Abba, mu je," na ji ta ce masa.

Suka ɗauki hanya a hankali. Tun ba su yi nisa ba na ga ta matso da bakinta kusa da kunnensa. Tana magana, tana nuni da hannu, ta tsaya, ta ci gaba. Shi bai juyo ba, bai gyaɗa kai ba, ya dai rage gudu. Ba na jin komai daga inda nake, sai motsin mayafinta. Ta daɗe tana yi. Ban san tana da magana mai tsawo haka ba.

Can wajen kwanar titi sai jar fitilar birki ta kama. Ya sauke ƙafa ɗaya ƙasa, ya jima a haka. Sannan ya karkato kan babur ɗin, ya dawo, ya tsaya daidai ƙofar da maigadi bai gama rufewa ba. Ni ne tsaye a tsakiyarta, cikin babbar riga.

Na tattare hannun rigar, na matsa gefe, na ba shi hanya.