Kowane Likita da Mutanensa

Manajan asibitin unguwa ya ƙware wajen yi wa likitoci bankwana. Duk wanda zai tafi, sai ya sa a jera kujeru, a kawo lemo, ya miƙe ya yi jawabi har idonsa ya kawo ruwa. Bai taɓa zaunar da mai tafiyar ya tambaye shi dalili ba. Ya riga ya yanke wa kansa cewa albashi ne, albashi kuwa ba a hannunsa yake ba, don haka barcinsa yake sha lafiya lau.

Da ya ji Likita Doguwa ma ta samu aiki a wani wuri, sai barcin ya ƙaurace masa. Ita kaɗai ce likitar iyali ta dindindin da ta rage, sauran duk 'yan cike gurbi ne. In ta tafi, hukuma za ta mayar da asibitin wurin allura da wankin ciwo kawai.

Ya nufi ɗakin da take duba marasa lafiya. A bakin ƙofa ya tarar da ita tana cacar baki da mai kiran layi, wanda kowa ke kira Na-gaba.

"Malam Na-gaba, ina tsohuwar nan mai hawan jini? Yanzu na hango ta a benci."

"Ta shiga ɗakin ƙarshe, Likita. Shi ya fara buɗewa."

"Ni fa na canza mata magani! So nake in ga ko kumburin ƙafar ya sauka."

"To ai can ɗin ma likita ne, ba mai facin taya ba."

Manaja ya yi gyaran murya. Dokarsa ce, kuma da ita yake tinƙaho a taro: duk ɗakin da ya buɗe, na gaba ya shiga. Layinsu ba ya kwana.

Ya bi ta ciki ya rufe ƙofa. "Likita, in don albashi ne…"

"Wa ya ce maka albashi?"

Ta juyo ta fuskance shi.

"Ranka ya daɗe, likitar iyali ce ni. Aikina in san gida tun daga kaka har jika. Nan kuwa kullum baƙi nake gani. In fara da mutum, wani ya ƙarasa, ban san ya warke ko an binne shi ba. Wannan ai ba asibiti ba ne, tasha ce."

"Waɗanda suka tafi fa?"

"Lambobinsu na wayarka."

Da ya koma ofis ya kira wanda ya tafi bara. Mutumin ya yi dariya har da tari. "Yallaɓai, sai yanzu? Ai ranar lemon nan na jira ka tambaye ni, sai ka ɓige da jawabi." Amsarsa ba ta bambanta da ta Doguwa ba.

Washegari aka raba gidaje tsakanin ɗakuna, kowane iyali da likitansa, sai dai in ciwon gaggawa ne. Abin bai zo da sauƙi ba. Layi ya yi tsawo, wasu suka yi tsaki suka fita, Na-gaba kuma ya yini yana ƙunƙuni wai an mayar da shi mai haɗa aure. Manaja ya sha zagi a benci, ya haɗiye.

Bayan 'yan makonni ya leƙa ɗakinta, ya tarar da wani magidanci da matarsa da jaririnsu, Doguwa tana yi masa tsiya kan sigarin da ya rantse mata ya daina. Da suka fita, Manaja ya tsaya yana murza hannu.

"Batun wancan aikin…"

"Na ce musu su ba wa wani."

Ya buɗe baki zai fara jawabi, ta ɗaga masa hannu.

"Kada ka yi murna tukuna. Abu ɗaya ka gyara, akwai saura. Ja kujera ka zauna."

Ya ja kujerar.